Tisha mai farin kaki: aikin hafsan ilimi a sojan ruwa da yadda horo yake ta canzawa

In ka ce wa mutum sojan ruwa, abin da zai fara faɗo masa a rai jirgi ne da bindiga da fararen kaya, ko kuma samarin nan da ake nunawa a talabijin suna lalata haramtattun matatun mai a lungunan Neja Delta. Da wuya ka samu wanda zai kawo maka mutum riƙe da maka ta rubutu a gaban allo yana ta fama da yaran da suka manta lissafin kusurwa tun suna SS2. Amma fa akwai shi, kuma hafsa ne cikakke, muƙaminsa na kafaɗarsa, ana sara masa yana amsawa, sai dai aikinsa koyarwa ce da tsara yadda za a koyar. A rundunar sojan ruwan Najeriya reshe guda ne mai zaman kansa, reshen ilimi, kamar yadda ake da na injiniyoyi da na likitoci da na masu kula da kuɗi da kaya.

Yawancinsu ba ta NDA, makarantar horar da hafsoshin soja da ke Kaduna, suka shigo ba. Mutum ne ya gama jami'a, ya yi hidimar ƙasa, wani ma ya ɗan taɓa koyarwa a wata sakandaren kuɗi ana biyansa abin da bai kai ya kawo ba, sai ya ga an buɗe shafin DSSC, wato tsarin ɗaukar masu digiri kai tsaye a matsayin hafsoshi, ya cika, Allah ya taimake shi sunansa ya fito, sai Onne a jihar Ribas inda kwalejin sojan ruwa take. Can za a aske masa kai, a yi ta gudu da fareti da iyo na watanni har farar hular da ke jikinsa ta fita, sannan a ba shi muƙami. Daga nan kuma sai inda takardar canjin wurin aiki ta jefa shi. Wani a tura shi makarantun sakandaren sojan ruwa irin na Ojo a Legas ko Abeokuta ko Fatakwal ko Ogbomosho, inda aikinsa kusan ɗaya ne da na kowane malami ko shugaban makaranta, da iyayen yara da rikicin kuɗin makaranta da WAEC da komai. Wani kuma a tura shi makarantun horar da sojojin kansu, kuma a kan wannan na biyun nake son na tsaya, don a nan ne abubuwa suka fi juyawa.

Makarantun nan suna da yawa fiye da yadda mutane ke zato, kuma ba duka ne ke bakin teku ba. Akwai NNS Quorra a Apapa, tsohuwar makarantar koyon sana'o'in jirgi, akwai ta kurata a Onne, akwai kwalejin injiniyoyi a Sapele, ta kiwon lafiya a Offa, ta kiɗa a Ota, ta makamai a Kachia nan jihar Kaduna, ga babbar kwalejin yaƙi ta sojan ruwa a Kalaba. A 2021, lokacin Awwal Zubairu Gambo yana shugaban rundunar, da aka ji za a kafa wani abu na sojan ruwa a Kano ai sai da soshiyal midiya ta ɗauka, ana ta zolaya wai wane teku ne a Kano, ko a Tiga za a ajiye jirgin. Kwalejin koyon harkar kaya da sufuri ce aka kai Dawakin Tofa, kuma mai koyon yadda ake lissafin mai da abinci da kayan gyaran da jirgi zai buƙata kafin ya tashi, aji yake buƙata da malami da wutar lantarki. Zolayar ta yi daɗi, amma ta nuna yawancinmu ba mu san cewa kaso mai tsoka na rayuwar sojan ruwa a kan benci ake yin ta ba.

Ranar aikin irin wannan hafsa ba ta da wani armashi da za a saka a fim. Ƙarfe takwas a ɗaga tuta, kowa ya ƙame. Daga nan aji, ko ofis ana haɗa jadawalin kwas, ko ana saita tambayoyin jarrabawar ƙarin girma, ko ana makin takardu tuli guda. In layi ya zo kansa ya kwana a bakin aiki a matsayin hafsan da ke tsare da bariki, gari ya waye ya wanke fuska ya shiga aji kamar ba abin da ya faru. Shi ma kansa ɗalibi ne har ya yi ritaya, yana da tasa jarrabawar ƙarin girma, yana da kwas a kwalejin hafsoshi ta Jaji da ke jiransa, ga canjin wurin aiki da ba ya neman shawarar uwargida ko makarantar yara. Sannan akwai wani abu da ba a cika faɗa a fili ba: a gidan sojan ruwa wanda ya fita teku shi ne ɗan gaban goshi. Shugabannin rundunar galibi daga cikin masu tuƙa jirgi da ba da umarnin yaƙi suke fitowa, don haka hafsan ilimi ya san tun ranar farko akwai kujerar da ba tasa ba ce, kuma zai tsaya gaban tsohon sojan da ya yi shekara ashirin a ruwa yana koya masa abu, shi kuma wancan yana kallonsa yana cewa a ransa, wannan ko amai bai taɓa yi a jirgi ba.

Wannan raini ba a Najeriya ya fara ba. Daga Ingila muka gaji tsarin gaba ɗaya, tunda rundunar da aka kafa a 1956 a kan tsarin tasu aka gina ta, su kuma tun 1702 suke saka malami a cikin jirgin yaƙi yana koya wa yara masu neman zama hafsoshi lissafi da gane hanya a teku, ana ba shi ɗan ƙarin fam 20 a shekara. Ya daɗe yana rataye a tsakiya, bai kai hafsa sosai ba kuma ya wuce kurtu. Sannu a hankali aka mayar da su reshe guda na hafsoshi masu koyarwa, har hasashen yanayi su aka ɗora wa saboda su ne masu lissafi. Sai ga shi a 1996 Ingila ta rushe reshen baki ɗaya, aka rarraba mutanensa, da yawa suka koma masu tsara horo da sa ido a kansa a ƙarƙashin reshen injiniyoyi. Abin da ya kai su ga haka shi ne ainihin labarin, don iska ɗaya ce take kaɗa mu, ta dai iso mana a makare.

A da, yadda ake koyon aikin jirgi bai da bambanci da yadda yaron mota yake zama direba: ka bi oga shekara da shekaru, ka wanke, ka ɗaure kaya, ka sha zagi, kana kallon hannunsa, ran da ya ga dama ya ba ka sitiyari. Abin da malami ke yi a gefe shi ne ya cusa maka ilimin littafi, lissafi da fiziks da Turanci, wai ko za su yi maka amfani wata rana. Tsarin ya fitar da gwanaye, ba a musu, amma yana cin lokaci, kuma abin da ka iya ya danganta da ogan da Allah ya haɗa ka da shi, in mai rowar ilimi ne ka shiga uku. Da jirage suka cika da rada da na'urorin lantarki daga shekarun 1960 zuwa sama, sai manyan rundunonin duniya suka ga ba za su iya jira shekara goma kafin yaro ya iya aiki ba. Sai aka juya tambayar. Maimakon a ce me ya kamata sojan ruwa ya sani, sai aka koma cewa me zai yi da hannunsa in ya hau jirgi, a wane yanayi, kuma da wane ma'auni za a ce ya iya. A bi aikin a feɗe shi ɗaya bayan ɗaya, a rubuta kowane mataki, a gina kwas a kan wannan, a gwada mutum a kan wannan, duk abin da ba ya cikin jerin a yar da shi.

To a nan ne aikin hafsan ilimi ya canza kama. Ya rage tsayuwa a gaban allo, ya koma wanda zai je ya zauna da tsohon makanikin jirgi da biro da takarda yana tambayarsa, baba in injin ya ɗau zafi me kake fara dubawa, bayan shi fa, in ba shi ba ne fa, har sai ya zaƙulo abin da ke kan mutumin nan wanda shi kansa bai san ya sani ba, ya mayar da shi darasi. Ya koma kuma mai koya wa masu koyarwa, don yawancin waɗanda ke shiga aji a makarantun nan sojoji ne da suka ƙware a sana'arsu amma ba wanda ya taɓa nuna musu yadda ake tsara darasi ko saita tambaya, kuma iya abu daban, iya koyar da shi daban. Rundunar tana da cibiya guda a Ile-Ife ta ilimi da dabarun horarwa saboda irin wannan aikin. Ni a ganina wannan canjin alheri ne, kuma ya ma ɗaga darajar hafsan ilimi, tunda yanzu ba ya gasa da tsohon soja a kan wa ya fi sanin teku, kowa da abin da ya kawo.

Canji na biyu shi ne na na'ura, kuma shi ne wanda ake ta yi wa tafi. Majigi ya kori alli, jarrabawa tana komawa kan kwamfuta, darasi yana zuwa a waya. Babba a ciki ita ce na'urar kwaikwayon tuƙi. Ɗaki ne aka gina shi tamkar ɗakin tuƙin jirgi, da sitiyari da rada da rediyo, tagoginsa kuma manyan allunan talabijin ne da ke nuna teku. Malami yana wani ɗaki a baya yana kallonsu ta kyamara, ya danna nan hazo ya sauko, ya danna can wata tankar mai ta ɓullo ta hannun dama, ya ƙara danna wani sitiyari ya daina amsawa, ka ga yaro yana gumi a cikin sanyin AC yana ba da umarni murya na rawa. In ya yi karo ba wanda ya mutu, a mayar da hoton baya a zauna a duba, a nan ka makara, a nan ka ji mai rada ya yi magana ka share shi. Duk wanda ya san abin da jirgin yaƙi ke sha na mai a yini ɗaya a teku ya san dalilin da ya sa kowace runduna ke son wannan ɗaki. Kuma akwai abubuwan da ba yadda za a yi ka gwada su da jirgin gaske, ba kyaftin ɗin da zai yarda a kashe masa inji a bakin mashigar Legas don yara su koyi darasi.

Inda ake samun matsala shi ne lokacin da masu riƙe da lalitar kuɗi suka gano cewa na'ura ba ta karɓar albashi. Amurka ta riga kowa faɗawa wannan rami, kuma labarinta ya kamata duk mai tsara horo ya haddace shi. A 2003 rundunar ruwansu ta rufe kwas ɗin watanni da sababbin hafsoshin jiragen yaƙi ke yi a aji kafin su hau jirgi, aka ba kowa tarin faifan CD aka ce ya je ya karanta a cikin jirgi, kyaftin zai ƙarasa masa sauran. An yi tsimin kuɗi kam. Amma yaron da ke aikin dare da rana yaushe zai zauna gaban kwamfuta, kuma in bai gane ba wa zai tambaya, faifan? Kafin shekara goma sun fara dawo da aji, a 2012 suka sake buɗe kwas na makonni. Sai 2017 ta zo musu da abin da ba su manta ba har yau: a watan Yuni jirgin USS Fitzgerald ya yi karo da jirgin dakon kaya kusa da Japan, sojoji 7 suka mutu, a watan Agusta kuma USS John S. McCain ya yi karo da tankar mai kusa da Singafo, mutum 10 suka tafi. Binciken da aka yi ya ambaci gajiya da rashin sa ido da ƙarancin horo, ba abu ɗaya ba ne ya jawo, kuma ba adalci ba ne a ɗora wa faifan CD komai. Amma a na McCain an gano cewa waɗanda ke kan tuƙi ba su fahimci allon taɓawar da ake sarrafa jirgin da shi ba, wasunsu ma aro su aka yi daga wani jirgin da tsarinsa ya bambanta, kuma a takarda duk an sa hannu cewa sun iya. Daga baya rundunar ta ce za ta mayar da irin waɗannan jirage kan abin sarrafawa na hannu. Araha dai ba ta ado.

Wannan maganar ta aro mutum daga wani jirgi ita ta fi tsaya min a rai, saboda mu namu jiragen kowanne da garinsu. NNS Aradu daga Jamus ya zo a farkon shekarun 1980. Thunder da Okpabana tsofaffin jiragen masu gadin gaɓar tekun Amurka ne aka ba mu. Centenary da Unity daga Chana. Lana mai auna zurfin ruwa daga Faransa a 2021, Kada kamfanin Damen ne ya ƙera shi ya iso a 2022, ga Andoni da Karaduwa da Oji da aka ƙera a nan gida Legas. Kowanne da irin injinsa da tsarin wayoyinsa da littafinsa, wani littafin ma fassara ce da sai ka karanta sau uku. Makanikin da ya goge a jirgin Amurka in ka ɗauke shi ka kai shi na Chana, rabin abin da ya sani sai ya sake lale. To wa zai zauna ya ware abin da ya haɗa su duka a koyar a makaranta, da abin da sai an je jirgin za a koya, ya rubuta, ya kuma sabunta duk lokacin da aka sayo wani sabo? Kamfanin da ya sayar da jirgi zai horar da rukunin farko ya kama gabansa, bayan shekara biyu uku an yi wa waɗannan canjin wurin aiki, ilimin ya bi su. In ba a kama shi an rubuta ba, shi kenan.

Ga kuma aikin kansa ya faɗaɗa. Sojan ruwan yau yana farautar ɓarayin ɗanyen mai a cikin ƙoramu, yana Baga a Tafkin Chadi yana fama da 'yan ta'adda, yana zaune gaban allon Falcon Eye, na'urar sa ido a kan teku, yana bin jirage daga nesa, kuma tun yarjejeniyar Yawunde ta 2013 kan tsaron teku dole ya yi aiki da maƙwabta, Benin da Togo da Kamaru, waɗanda a rediyo Faransanci za su yi masa. In ya kama jirgi kuma sai ya iya rubuta rahoto da adana shaida yadda lauya ba zai wargaza ƙarar a kotu ba. Duk waɗannan darussa ne da babu su a tsohuwar manhaja, kuma wani ne zai nemo musu gurbi a jadawalin da ya riga ya cika.

Sai yaran da ake ɗauka. Kurtun yanzu ya fi na da sanin waya nesa ba kusa ba, tun 2015 JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, don haka danna madannai ba baƙonsa ba ne. Amma kowa ya san halin da makarantun gwamnati ke ciki, yaro zai zo da kiredit biyar a takarda, ka ba shi lissafin gudu da nisa da lokaci ya tsaya yana kallonka. Ga soja kuma da al'adar da ta fi kowace wahalar da malami. Ka gama bayani ka ce an gane, aji gaba ɗaya ya amsa da ƙarfi, yes sa! Wallahi ko rabin su ba su gane ba haka za su amsa, don an koya musu tun makon farko cewa ba a yi wa na gaba gardama, kuma ba wanda ke son a ce shi ne daƙiƙin ajin. Gogaggen malami ya san wannan, ba ya ma yin tambayar, sai ya ce kai na layi na uku taso ka nuna mana, ko ya lura da wanda ya daina rubutu tun minti goma da suka wuce ya kira shi gefe bayan an tashi. Darasin kwamfuta ba ya ganin wannan. Yaro zai yi ta danna gaba, gaba, gaba, ya amsa tambayoyin zaɓi da ya riga ya samu amsarsu a guruf ɗin WhatsApp na 'yan kwas ɗin da suka gabace shi, na'ura ta rubuta ya ci, a buga satifiket.

Shi ya sa in na ji ana murnar an sayo sababbin na'urorin horo, tambayoyina ba su da daɗin ji. Wa zai gyara in ta lalace, an saka kuɗin sabunta manhajarta a kasafin baɗi, akwai man janareta, sannan mutum nawa aka horar su zauna a ɗakin bayan nan? Don amfanin na'urar kwaikwayo kusan duk yana cikin zaman da ake yi bayan an gama, inda malami zai sa yaro ya faɗi da bakinsa abin da ya sa ya juya hagu. In babu mai iya wannan, wasan gem ne mai tsada. Ita kanta makarantar hafsoshin ruwan Amurka da ke Annapolis a 2015 ta dawo da koyar da gane hanya ta taurari bayan ta yi shekaru da ajiye shi, saboda sun ga GPS ana iya toshe shi ko a ruɗa shi, kuma wannan darasi ne da sai an samu wanda ya iya ya tsaya a kanka.

Akwai wani mataki na ƙarshe a tsarin horon zamani da ya fi kowanne sauƙin tsallakewa saboda ba ya da bikin yaye ɗalibai ko hoto. Bayan yaro ya bar makaranta ya yi wasu watanni a jirgi, ya kamata a bi shi, a tambayi kyaftin da shugaban sashensa, me ya iya, me ya kasa, me muka ɓata lokaci muka koya masa da bai taɓa amfani da shi ba, sannan a dawo a gyara kwas ɗin. Yin haka yana buƙatar hafsan ilimi ya bar ofis ya hau jirgi, ya kwana a ciki, ya ga inda ake aikin, yana kuma buƙatar kyaftin ya ɗauki fom ɗin da muhimmanci maimakon ya miƙa wa ƙaramin hafsa ya cike masa a tsaye. Yana kuma buƙatar kwamandan makaranta mai iya jin cewa kwas ɗin da yake alfahari da shi yana da ɓaraka, daga bakin wanda yake ƙasa da shi a muƙami.